NAZARI: Idan taron marasa addini ya watse, wa ake bari da rigimar?

A watan Yulin 2009 an shirya taron ƙara wa juna sani a Cibiyar Al'adu ta birnin Kalaba, Jihar Kuros Riba, kan yaran da ake yi wa ƙazafin maita ana azabtar da su. Cikin masu shirya taron har da Leo Igwe, wanda ya kafa ƙungiyar Nigerian Humanist Movement a 1996. Ba a kai ga yin nisa ba, sai mabiya cocin Liberty Gospel ta Helen Ukpabio fiye da ɗari suka mamaye zauren. An lakaɗa wa Igwe duka, an fasa masa tabarau, an yi awon gaba da jakarsa. Bidiyon abin da ya faru ya yaɗu a intanet, kuma sunan Igwe ya shiga rahotannin ciki da wajen ƙasa.

Duk wanda ya taɓa shirya taro a Najeriya ya san cewa ba baƙon da zai yi jawabi ne ke nemo zaure ba. Ba shi ke jera kujeru ba, ba shi ke raba takardun gayyata a unguwa ba. Akwai 'yan gari da ke yin wannan, galibi kyauta. Idan aka watse, baƙo ya kama hanyar garinsu, su kuwa washegari za su haɗu da waɗanda suka tarwatsa taron a kasuwa da tasha da bakin famfo. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne.

Wannan nazari a kan waɗannan masu aikin sa-kai yake. Ba zai tattauna ko marasa addini suna da gaskiya a kan abin da suka ɗauka game da Ubangiji ba. Mafi yawan masu karanta wannan shafi sun riga sun san matsayinsu, kuma matsayin ya yi hannun riga da nasu. Tambayar ta siyasa ce da shari'a: idan 'yan tsiraru da jama'a ba ta ƙauna suka so zama a ɗaki ɗaya su yi magana, me doka ta ba su, me hukuma ke yi a aikace, kuma a kan wa nauyin yake sauka?

Su wane ne?

Masu kiran kansu da sunan Turanci na "humanist" mutane ne da ke ganin ana iya gina kyakkyawar ɗabi'a a kan hankali da tausayi da maslahar ɗan Adam, ba tare da jingina ga wahayi ba. A cikinsu akwai wanda ya ce babu Allah, akwai wanda ya ce bai sani ba, akwai kuma wanda abin da ya dame shi kawai shi ne a raba gwamnati da addini. Uwar ƙungiyarsu ta duniya, wadda yanzu ake kira Humanists International, an kafa ta ne a Amsterdam ta ƙasar Holan a 1952.

A Najeriya, sunan da suka fi jingina da shi shi ne Tai Solarin, malamin da ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne ta Jihar Ogun a 1956, wanda bai taɓa ɓoye rashin addininsa ba har ya rasu a 1994. Wole Soyinka ma ya karɓi lambar yabon uwar ƙungiyar a 2014. Amma manyan sunaye ba su ne ƙungiya ba. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi addinin kowa ba, kuma a ƙasar da aiki da aure da gado da makwancin ƙarshe duk suka ratsa ta masallaci ko coci, wanda ya bar addini ya fi samun sauƙin yin shiru. Saboda haka waɗanda suka yarda a gan su a fili 'yan ƙalilan ne, kuma a wuyan waɗannan 'yan ƙalilan ne duk wani taro na ƙasa yake rataya.

Aikin da ba ya shiga sanarwar bayan taro

Babbar ƙungiyar addini ko jam'iyya idan za ta yi taro, tana da filinta, tana da 'yan agajinta masu kaki, tana da attajiran da za su aiko da shinkafa da shanu, kuma wataƙila gwamna ne babban baƙo. Ƙaramar ƙungiyar da ba ta da masallaci ba ta da coci dole ta yi hayar zaure a otal ko jami'a. Nan ne aikin ɗan gari yake farawa.

Wani ne zai je wurin manajan otal ya rubuta sunansa da lambar wayarsa, ya biya kuɗin kafin alƙalami, ya amsa tambayar "taron mene ne?" Idan ya faɗi gaskiya, ana iya mayar masa da kuɗinsa. Idan ya lulluɓe, manaja na iya gano wa ana gobe taro ya soke. Wani ne zai kai wa 'yan sanda takardar sanarwa da sa hannunsa a ƙasa. Wani zai tsaya a tasha ya tarbi waɗanda suka kwana a mota, ya nemo masauki mai rahusa, ya yi cinikin abinci da man janareta. Wani kuma zai zauna a bakin ƙofa da rajista, yana duban fuskoki yana auna wanda ya zo saurare da wanda ya zo leƙen asiri.

Sannan akwai shawarwarin da kowace ɗaya tana iya canza rayuwar wani. A wallafa adireshin zauren a Facebook, ko a aika wa waɗanda aka tantance kawai? A bar 'yan jarida su ɗauki hoto, alhali a cikin mahalarta akwai wanda iyayensa ba su san ya zo ba? A rubuta sunan ƙungiyar a jikin kyallen da za a rataya a ƙofa? Taron da aka ɓoye ƙwarai ya rasa amfaninsa, domin manufarsa ita ce a nuna cewa akwai su. Wanda aka tallata ƙwarai kuma ya zama gayyatar fitina. Mai zaman gari ne kaɗai zai iya auna wannan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko rajistar ƙungiya ma tana fallasa mutum. A tsarin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, sai an buga sunayen amintattun ƙungiya a jaridu biyu, an ba jama'a kwana 28 su kawo ƙorafi. Idan babu rajista, babu asusun banki da sunan ƙungiya, wato kuɗin taro sai ya bi ta asusun wani mutum, kuma shi za a tambaya in an zo bincike. Humanist Association of Nigeria ba ta samu wannan rajista ba sai a 2017, bayan kimanin shekara 17 ana kai gwauro ana kai mari. Duk tarurrukan da aka yi kafin nan, da sunayen ɗaiɗaikun mutane aka yi su.

Taswirar da garuruwan taro suka zana

Idan aka jera inda manyan tarurrukan waɗannan ƙungiyoyi suka zauna, ana ganin wani abu. An yi a Ibadan a 2001. An yi a Ikenne a 2004, shekara goma bayan rasuwar Solarin. An yi a Abuja a 2011. Ƙungiyar Atheist Society of Nigeria ta yi nata a Legas a 2017, sannan aka sake komawa Abuja a farkon 2019. A cikin waɗannan babu wanda ya haura Abuja zuwa Kaduna ko Kano ko Sakkwato, duk da cewa mutumin da ya zo ya shugabanci Humanist Association of Nigeria, wato Mubarak Bala, haifaffen Kano ne.

Labarinsa sananne ne. A 2014 an tsare shi a sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a Kano bayan ya bayyana barin Musulunci. A ranar 28 ga Afrilun 2020 'yan sanda suka kama shi a Kaduna suka kai shi Kano, bayan wasu lauyoyi sun shigar da ƙorafi kan rubuce-rubucensa na Facebook da suka ce ɓatanci ne ga Annabi Muhammadu (SAW). A Disambar 2020 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a sake shi, ba a bi umarnin ba. A ranar 5 ga Afrilun 2022 ya amsa tuhume-tuhume 18 a gaban Babbar Kotun Jihar Kano, aka yanke masa ɗaurin shekara 24. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa shekara 5 a Mayun 2024, aka sake shi a cikin shekarar, kuma a 2025 ya bar ƙasar zuwa Jamus.

Abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne bayanin da ya yi wa BBC bayan fitowarsa, cewa ya amsa laifi ne don tsira da ransa da kuma na mutanen Kano da ke da alaƙa da shari'ar tasa, domin su ma ana hararsu. Wato ko a idon wanda duniya ta san sunansa, haɗarin ya fi kusa da waɗanda ba a san sunansu ba. Shi ya samu lauyoyi, ya samu wasiƙar goyon baya daga Soyinka, ya samu ƙasar da ta karɓe shi. Matashin da ya taimaka da jera kujeru ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kada kuma a ɗauka matsalar ta Arewa ce kaɗai ko ta Musulmi kaɗai. Waɗanda suka tarwatsa taron Kalaba Kiristoci ne. Bambancin yana cikin girman abin da ake tsoro. Kisan Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a Mayun 2022, da na mahauci Usman Buda, wanda Musulmi ne, a wannan birni a Yunin 2023, sun nuna cewa zargi kaɗai yana isa, kuma hukunci yana iya zuwa kafin ɗan sanda ya iso.

Abin da doka ta ce

Babu wata dokar tarayya da ta haramta wa ɗan Najeriya zama marar addini ko haɗuwa da irinsa. Sashe na 10 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin tunani da imani, har da sauya addini. Sashe na 39 ya kare faɗin albarkacin baki, na 40 kuma ya kare taruwa da kafa ƙungiya. Sashe na 45 ya ba gwamnati damar taƙaita waɗannan haƙƙoƙi saboda tsaro ko zaman lafiya ko tarbiyyar jama'a, amma da sharaɗin ta hanyar doka ce, kuma dokar da za a iya karewa a tsarin dimokuraɗiyya.

A gefe guda akwai dokokin cin zarafin addini. Sashe na 204 na dokar laifuka da ake aiki da ita a Kudu da sashe na 210 na Penal Code a Arewa duk sun tanadi ɗauri har na shekara biyu. A jihohi 12 da suka ƙaddamar da Shari'a tun daga Zamfara a ƙarshen 1999, akwai tanade-tanade masu tsanani, kamar sashe na 382(b) na dokar Kano wanda aka yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa da shi a 2020. A Afrilun 2025 Kotun ECOWAS ta ce waɗannan sassa biyu na dokokin Kano sun saɓa wa yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da Najeriya ta sa wa hannu, gwamnatin Kano kuma ta ce ba za ta janye su ba.

Ko da mutum yana goyon bayan waɗannan dokoki ɗari bisa ɗari, ya kamata ya lura da abin da suka hukunta. Kalma suke hukuntawa, wadda wani takamaiman mutum ya furta ko ya rubuta, bayan an tabbatar a gaban alƙali. Ba su hukunta hayar zaure ba, ba su hukunta dafa wa baƙi abinci ba. Rikicin yana tasowa ne a inda jama'a, wani lokaci har da hukuma, suka haɗe biyun wuri ɗaya, aka ɗora wa mai masauki laifin abin da wani ya rubuta a wayarsa daga wani gari.

Darasin Kano, 2003

'Yancin yin taro ba tare da roƙon izinin 'yan sanda ba, a Kano aka biya farashinsa. Bayan zaɓen 2003, jam'iyyar ANPP ta nemi izinin gangamin nuna rashin amincewa da sakamako, aka hana ta. A ranar 22 ga Satumbar shekarar 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye a gangaminta na Kano, inda Muhammadu Buhari da abokin takararsa Chuba Okadigbo suka halarta. Okadigbo ya rasu kwanaki kaɗan bayan haka. ANPP da wasu jam'iyyu suka garzaya kotu, Femi Falana ya tsaya musu. Babbar Kotun Tarayya a 2005, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2007, suka yanke cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 83, ta ƙara da cewa idan aka sanar da 'yan sanda za a yi taro, aikinsu ne su ba shi tsaro.

Wannan hukunci bai ce 'yan ANPP kaɗai ba, bai ce masu addini kaɗai ba. Shi ne garkuwar ɗalibai da 'yan ƙwadago da masu wa'azi da 'yan adawa, kuma shi ne garkuwar mutum talatin da suka yi hayar ɗaki a otal don su ce ba su da addini. Kakanninmu na NEPU sun san wannan tun shekarun 1950, lokacin da En'e ke riƙe da ikon ba da izinin lacca tana hana wanda ta ga dama, ana ɗaure irin su Gambo Sawaba, ana yi wa 'yan jam'iyyar kallon marasa kunya masu raina magabata. Manufofin NEPU da na waɗannan ƙungiyoyi ba ɗaya ba ne ko kusa. Makamin da aka yi amfani da shi a kansu ne iri ɗaya.

Matasan da suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024 sun ga yadda makamin yake aiki har yanzu. A farkon Nuwamban shekarar an gurfanar da ƙananan yara a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu. Hukumar da ta saba ƙin bin umarnin kotu a kan wanda jama'a suka tsana, ba ta tsayawa a kansa. Umarnin Disambar 2020 da aka take a shari'ar Mubarak, mutane da yawa sun yi murna da take shi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa, kuma gemun wanda ba ka ɗauka ɗan'uwa ba ma haka yake ci.

Inda ƙungiyoyin ke da nasu alhaki

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Rubuce-rubucen da suka kai Mubarak kotu sun sosa ran miliyoyin Musulmi, kuma wannan ɓacin rai na gaske ne. Duk ƙungiyar da ke son zama a cikin al'umma dole ta yi lissafin cewa izgili da abin da maƙwabci ya fi ƙauna yana da farashi, kuma sau da yawa ba mai izgilin ne ke biya ba. Wanda ke zaune a Legas ko Landan yana iya rubuta abin da ya ga dama ya kwana lafiya. Ɗan ƙungiyarsu da ke Zariya ne zai kwana da ido ɗaya.

Na biyu, harkar ta fi gudana da Turanci, a manyan birane, tsakanin 'yan boko, kuma tana da alaƙa ta fili da ƙungiyoyin Turai da Amurka. Wannan ya sa zargin cewa ajandar Turawa ce yake saurin karɓuwa. Maganin zargin shi ne bayyana wa jama'a inda kuɗi ya fito da yadda aka kashe, kamar yadda muke nema daga ƙungiyoyin addini da na farar hula.

Na uku, aikinsu da ya fi samun karɓuwa shi ne wanda ya taɓa rayuwar talaka kai tsaye. Ƙungiyar Advocacy for Alleged Witches da Igwe ya kafa a 2020 tana bin kadin tsofaffi da yaran da ake duka ko ƙonawa saboda zargin maita. Limami da fasto da marar addini duk suna iya haɗuwa a kan cewa bai halatta a ƙona tsohuwa saboda mafarkin wani ba. Taron da aka gina a kan irin wannan batu ya fi sauƙin karɓar baƙunci, ko da yake Kalaba ta nuna cewa shi ma ba ya rasa maƙiya.

Daga nan akwai abubuwan da shugabannin ƙasa na irin waɗannan ƙungiyoyi ke bin masu masaukinsu bashi. A bar 'yan gari su yanke shawarar yadda za a tallata taro da wanda za a gayyata. Kada a wallafa hoton kowa sai da yardarsa. A sa sunan ƙungiya a takardun haya da na 'yan sanda, tunda yanzu akwai rajista. A tanadi lauya da kuɗin beli tun kafin taro. Sannan a ci gaba da bibiyar halin da masu aikin suke ciki makonni bayan an watse, domin a lokacin ne maigidan haya ko shugaban wurin aiki ko dangi suke jin labari.

Abin da za a sa wa ido

Ba a buƙatar mai karatu ya so waɗannan mutane kafin ya damu da yadda hukuma ke mu'amala da su. Duk lokacin da aka ji za su yi taro a wani gari, akwai tambayoyin da ɗan jarida da ɗan gwagwarmaya ya kamata su yi. An sanar da 'yan sanda, kuma sun zo ba da tsaro kamar yadda sashe na 83 ya wajabta, ko sun zo rufe ƙofa? Idan an soke hayar zaure, wa ya buga wa manaja waya? Idan an kai hari, an kama maharan ko an kama masu taron da sunan kare lafiyarsu? Idan kotu ta ba da umarni, an bi?

Amsoshin za su yi wa duk mai shirin tara jama'a amfani, ko taron ƙungiyar ɗalibai ne ko na sabuwar jam'iyya ko na masu ƙorafin kuɗin makaranta. Zaɓen 2027 na tafe, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ne za su je wurin manajan otal su rubuta sunansu da lambar wayarsu.